Darasin Tattalin Arziki: Lissafin Da Ke Rushe Tsofaffin Gidajen Tsibirin Legas

A ranar Lahadi, 11 ga watan Satumba, 2016, ana jajibirin Babbar Salla, katafila ta shiga mahaɗar titin Bamgbose da titin Alli, daura da dandalin Tinubu a tsibirin Legas, ta baje wani bene da aka fi sani da suna Ilojo Bar. An gina wannan gida ne a wajajen shekarar 1855, wato tun kafin Turawan Ingila su karɓe Ikko a 1861, kuma tun daga 1956 gwamnati ta sanya shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa waɗanda doka ta hana a taɓa su. Gidan da ya yi kimanin shekara 160 a tsaye, ya ga zuwan Turawa ya kuma ga tafiyarsu, cikin yini guda ya koma tarin ƙasa da katako. Jaridu sun yi ta kuka, hukumomi sun yi ta Allah-wadai, amma aikin gama ya riga ya gama.

Akasarin masu sharhi a wancan lokaci sun ɗora laifin a kan rashin kishin tarihi, kuma lalle akwai wannan. Sai dai ɗan kasuwa da ya saba da littafin shiga da fita zai fi amfana idan ya dubi al'amarin ta fuskar lissafi, domin kuwa a birnin da ke bunƙasa, tsohon gida yana tsayawa ne muddin tsayuwarsa tana biyan masu shi. Ran da ta daina biya, to takardar doka ita kaɗai ba ta cika riƙe shi ba.

Su wa suka gina su?

Gidajen da ake magana a kansu galibi aikin mutanen da Yarabawa ke kira Aguda ne, wato 'yantattun bayi da zuriyarsu waɗanda suka komo daga ƙasar Burazil, musamman daga birnin Salbado na jihar Bahiya. Komowar ta ƙaru ne bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi a can a shekarar 1835, ta kuma ci gaba har bayan da Burazil ta haramta bauta a 1888. Ba a rasa Hausawa a cikin wannan labari ba, don tarihin Bahiya ya nuna cewa bayi Hausawa ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807 a wannan birni. Waɗanda suka sauka Ikko sun zauna a unguwar da ake kira Popo Aguda, wadda ta ƙunshi dandalin Campos da titunan Bamgbose, Tokunbo, Igbosere da Kakawa. Da yawansu magina ne da kafintoci da maƙera, kuma su ne suka shigo da salon bene mai dogayen tagogi masu lanƙwasa, da baranda mai adon ƙarfe, da zanen furanni na filasta a saman ƙofa. Masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894, hannun ɗaya daga cikinsu ne, João Baptista da Costa. Haka nan gidan da ake kira Water House a titin Kakawa, na iyalin da Rocha, wanda ya samo sunansa daga ruwan rijiyar da ake sayarwa a cikinsa. Wato tun asali waɗannan gidaje na 'yan kasuwa ne, ana kwana a sama ana ciniki a ƙasa.

Birnin da aka gina su dominsa kuwa ƙarami ne. Ƙidayar 1963 ta ba birnin Legas mutane kimanin 665,000. Ƙidayar 1991 ta ba jihar baki ɗaya miliyan 5.7, ta 2006 kuma miliyan 9.1, adadin da gwamnatin jihar ta ƙi amincewa da shi tana cewa ya yi kaɗan ainun. Iyakokin da aka ƙirga sun sha bamban, amma alƙiblar a bayyane take. Tsibirin kuwa ruwa ya kewaye shi ta kowane gefe, in ba an cike ruwan da yashi ba, babu inda zai miƙe ƙafa.

Farashi biyu a gida ɗaya

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, duk wanda ya mallaki gida a cikin birni, kadara biyu ya mallaka, kuma kowace da hanyar da darajarta ke bi. Gini yana tsufa, kwano yana tsatsa, katako yana ruɓewa, saboda haka darajarsa ƙasa take yi kowace shekara. Fili kuwa ba ya tsufa, kuma darajarsa ba mai shi ne ke ƙara ta ba, jama'ar da ke kai da komowa a gabansa ne. Duk ƙarin mutum ɗaya da ya shigo kasuwar Balogun ko Idumota da kuɗi a aljihu, ya ƙara wa kowane fuloti na kusa da wurin wani abu. Idan aka yi shekaru ana haka, sai a wayi gari ginin ya zama ɗan ƙaramin kaso na dukiyar, har ma ya zama shi ne ke tare hanyar cin moriyar filin.

Ga misali, kuma alkaluman na kwatanci ne kawai. A ɗauka wani tsohon bene mai hawa ɗaya yana kawo hayar Naira miliyan 6 a shekara. Gyaran rufi da fenti da harajin ƙasa suna cinye miliyan 2, saura miliyan 4. Filin da yake kai kuwa, in an sa shi a kasuwa, zai yi Naira miliyan 300. Ke nan dukiyar miliyan 300 tana haifar da abin da bai kai kashi 1.5 cikin 100 ba a shekara, a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Masana tattalin arziki suna kiran wannan giɓi ribar da aka sarayar, wato abin da mutum zai samu da ya juya dukiyarsa ta wata hanyar. Ba a rubuta ta a rasit, ba a kuma ganin fitarta daga aljihu, amma mai gida yana biyan ta kowace safiya. Ko ga wanda ba ya cin kuɗin ruwa lissafin bai sauya ba, don ya san abin da miliyan 300 za ta kawo in an zuba ta a shinkafa ko atamfa.

A nan ne raunin dokar kare gine-ginen tarihi yake. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, da kuma dokar da Jihar Legas ta yi a 2011 don kare wuraren da aka yi wa rajista, duk sun hana rushewa ko sauya fasali ba tare da izini ba. To amma amfanin tsayuwar gidan na jama'a ne duka, da mai wucewa, da ɗalibi, da baƙo mai yawon buɗe ido, yayin da ribar da aka sarayar take kan wuyan iyali guda. Idan hukuma ta liƙa wa gida alamar tarihi ba ta kawo kuɗin gyara ko rangwamen haraji ba, kamar ta aza wa masu shi wani haraji ne wanda maƙwabtansu ba sa biya. Ba abin mamaki ba ne in wasu masu irin waɗannan gidaje suka zura ido ruwan sama ya yi musu aikin da doka ta hana katafila.

Gidan gado da dibelofa

Matsalar ta ƙara cakuɗewa saboda da wuya a sami tsohon gida a tsibirin wanda yake hannun mutum ɗaya. A al'adar Yarabawa, idan magidanci ya rasu bai bar wasiyya ba, gidansa yakan zama mallakar iyali baki ɗaya a ƙarƙashin kulawar shugaban iyali. In za a raba amfaninsa, akwai hanya biyu: idi-igi, inda ake rabawa bisa yawan matan mamacin, kowane ɗaki ya raba kasonsa tsakanin 'ya'yansa, da kuma ori-ojori, inda ake rabawa kai da kai. A shari'ar Dawodu da Danmole, wadda ta kai har kotun ƙoli ta masarautar Ingila a 1962, an tabbatar da cewa idi-igi ce al'adar da ta fi rinjaye a Legas. Ko ta wace hanya aka bi, bayan zuriya huɗu ko biyar magada sukan kai gommai, wasu a Ibadan, wasu a Landan, wasu ma ba su taɓa kwana a gidan ba. Duk wanda ya taɓa zaman rabon gidan gado a cikin birnin Kano ko Zariya ya san yadda ake ƙarewa: kowa yana da haƙƙi, babu mai ɗaukar nauyin yaɓe.

A koma ga misalin ɗazu. Idan magada 40 ne, rabon kowa daga miliyan 4 shi ne Naira 100,000 a shekara. Sai ga wani mai jari, wanda mutanen Ikko ke kira dibelofa, ya zo da tayi: a ba shi filin na shekara 20 ko 25, ya rushe tsohon gidan, ya gina bene mai hawa huɗu ko biyar na shaguna da ɗakunan ajiya, ya ci haya, in wa'adi ya cika ya mayar wa iyali da ginin. Zai kuma ajiye, a ce, Naira miliyan 80 nan take. Kowane magaji zai tashi da miliyan 2, wato hayar shekara 20 a yini guda, ga kuma alkawarin sabon gini. Mutumin da ke neman kuɗin makarantar 'ya'ya ba zai daɗe yana tunani ba, kuma babu adalci a zarge shi da rashin kishi.

Sai dai wannan yarjejeniya tana ɗauke da wani aibu da ba a cika lura da shi ba a ranar sa hannu. Dibelofa ya san ginin ba nasa ba ne bayan wa'adi, kuma kuɗin da yake aiki da shi mai tsada ne. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Idan kuɗin ruwa ya kai kashi 25 cikin 100, Naira 100 da za a karɓa nan da shekara 20 ba ta kai darajar Naira 2 ta yau ba. Saboda haka duk buhun siminti ko sandar rodi da za a ƙara domin ginin ya wuce shekara 25 lafiya, a littafin dibelofa asara ce. Lissafi yana tura shi ya rage rodi, ya ƙara hawa, ya matse shaguna, ya karɓi hayar shekara biyu a gaba. Ba dukansu ke bin wannan hanya ba, amma tsarin yana saka wa wanda ya bi ta. Abin da iyali kan karɓa a ƙarshe sau da yawa gini ne da ya gaji, sai a sake neman wani dibelofan. Benen da ya rufta a unguwar Ita Faji ranar 13 ga Maris, 2019, da makarantar firamare a samansa, inda mutane 20 suka rasu, ginin siminti ne na zamani, kuma hukuma ta ce ta riga ta yi masa alamar rushewa kafin ya faɗi. Sabunta unguwa ba kullum ke nufin an ƙara mata lafiya ba.

Idan gwamnati ce ta shigo

Gwamnati ma ta gwada nata salon, kuma tarihinsa ya cancanci nazari. Bayan annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Legas a 1924, an kafa hukumar raya birnin, wadda aka sani da LEDB, a shekarar 1928. A 1955, ana shirin karɓar mulkin kai, hukumar ta fara share eka 70 a tsakiyar tsibirin. Shirin a takarda mai kyau ne: a biya diyya, a rushe, a faɗaɗa tituna, a ja magudanan ruwa, sannan a sake sayar wa masu wurin na asali da fulotansu. Mazauna kuma aka kwashe su zuwa sababbin gidaje a Surulere, ƙetaren gada.

Wani masani ɗan Ingila, Peter Marris, ya bi sawun waɗanda aka tayar, ya wallafa abin da ya gani a littafinsa na 1961. Gidajen Surulere sun fi tsafta, amma 'yan tireda da masu sana'ar hannu sun rabu da masu sayensu, ga kuɗin mota da ya hau kansu kullum, ga dangin da a da suke cin tukunya ɗaya sun warwatse. Farashin da aka sa wa fulotan bayan gyara kuma ya fi ƙarfin akasarin masu su na asali, sai filayen suka koma hannun masu kuɗi. Darasin da ke nan shi ne, jarin ƙaramin ɗan kasuwa ba kayan da ke kan teburinsa kaɗai ba ne. Akwai mutanen da suka san inda yake zama, da dillalin da ke ba shi kaya bashi saboda ya san ƙofar gidansu, da maƙwabciyar da ke tsare masa shago in ya tafi masallaci. Mai kimanta diyya yana auna bango da rufi, ba shi da ma'aunin waɗannan.

A watan Yuli na 1990, a zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka maimaita abin a Maroko ba tare da ko rabin wancan tanadi ba. Sanarwar kwana 7 aka bayar, mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000 suka rasa matsuguni, kaɗan daga cikinsu ne aka ba wuri a rukunin gidajen Ilasan da Ikota, filin kuma yau yana cikin mafi tsada a ƙasar nan.

Akwai kuma wani saƙo da dokar mallakar ƙasa ta 1978 take aika wa mai tsohon gida, ko da ba da niyya ba. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma in an karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da ake biya ta abin da aka gina ko aka shuka a kai ce, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Ke nan mai tsohon gini a kan fili mai tsada shi ne zai fi kowa asara ran da aka zo karɓa. Mai hankali zai gwammace ya riga hukuma.

Waɗanda suka tsira

Gine-ginen da suka tsira a Legas kusan duk suna da abu ɗaya: mai su guda ne, kuma an samar musu aikin yi. Tsohon kurkukun titin Broad, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, ya daɗe a yashe kafin mai zanen gine-gine Theo Lawson ya tsara mayar da shi wurin shaƙatawa na Freedom Park, wanda aka buɗe a 2010. An bar tsohuwar katangarsa, ana karɓar kuɗin shiga, ana ba da hayar dandali da wuraren sayar da abinci. Gidan Jaekel da ke harabar hukumar jiragen ƙasa a Ebute Metta, ginin 1898, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara shi a 2010, ya zama ɗan ƙaramin gidan tarihi inda masu shirya fim da masu ɗaukar hoton biki ke zuwa. Masallacin Shitta-Bey yana nan ana salla a cikinsa. Amma ko amfani ma ba garkuwa ba ne in wuri ya yi wa jama'a kaɗan: tsohon babban masallacin Juma'a na Legas da aka kammala a 1913 an rushe shi, aka gina wanda aka buɗe a 1988 a madadinsa.

Abin lura shi ne, biyun farko a filin hukuma suke, inda babu magada 40 da ke jiran rabo. Gidan iyali yana bukatar wata dabarar. Birnin Niyok na Amurka, bayan rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Penn a 1963, ya yi dokar kare gine-gine a 1965, sannan a 1968 ya ba mai ginin tarihi damar sayar wa maƙwabcinsa da hawan benen da doka ta yarje masa amma aka hana shi ginawa. Wato in an yarda a yi hawa goma a unguwa, gidan tarihi kuma hawa biyu ne, sai mai shi ya sayar da takwas ɗin ga wani ya ƙara a nasa. Kotun ƙolin Amurka ta yi la'akari da wannan dama a 1978 lokacin da ta goyi bayan hana aza dogon bene a kan tashar Grand Central. Birnin Mumbai na Indiya ya ɗauki irin wannan tsari a 1995. Kyawun dabarar shi ne ba ta cin kuɗin baitulmali, kasuwa ce ke biyan mai gida ribar da ya sarayar. Sharaɗinta kuwa mai nauyi ne: sai in ƙa'idar yawan hawa tana aiki da gaske, domin babu mai sayen abin da zai iya ɗauka kyauta. Ruftawar bene mai hawa 21 a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, inda fiye da mutane 40 suka mutu, ta nuna sauran aikin da ke gaban masu sa ido kan gine-gine.

Akwai kuma gargaɗi daga Salbado ɗin da Aguda suka baro. Hukumar UNESCO ta sanya tsohuwar unguwar Pelourinho cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, gwamnatin Bahiya ta shiga gyara ta daga 1992, gidaje suka yi kyau, amma an fitar da yawancin talakawan da ke ciki, wurin ya koma na masu yawon buɗe ido. A Legas, aikin Isale Gangan na hukumar sabunta birane ta jihar ya gwada wata hanyar, inda iyalai suka haɗa ƙananan filayensu aka gina dogon bene guda da nufin su sami rabo a ciki. Wannan yana ƙoƙarin riƙe mutanen ne, ba ya riƙe ginin. Har yanzu Legas ba ta haɗa biyun a wuri ɗaya ba.

Abin da ya shafi mai neman shago

Fataken Arewa da ke sarin kaya a Balogun da Idumota, da 'yan canji na yankin titin Broad, da mazauna Agege, Idi-Araba da Obalende da ke neman wurin ajiya a tsibirin, su ne sukan biya hayar shekara biyu a gaba a irin waɗannan gine-gine. Kafin kuɗi su bar hannu, ya kamata ɗan kasuwa ya san ko da iyali yake ciniki ko da dibelofa. In dibelofa ne, ya nemi ganin yarjejeniyarsa da iyalin ya ƙirga shekarun da suka rage, don wanda saura wata 14 wa'adinsa ya cika ba shi da ikon ba da hayar shekara biyu. In kuwa saye ne ko haya mai dogon zango daga iyali, kotunan Nijeriya sun daɗe da tsayar da ƙa'ida: cinikin da 'yan uwa suka yi ba da shugaban iyali ba ɓatacce ne tun daga tushe, wanda kuma shugaban ya yi a madadin iyali ba da yardar manyan magada ba ana iya soke shi a kotu. Sa hannun mutum ɗaya, komai furfurarsa, bai wadatar ba. Sannan a aika lauya ofishin rajistar filaye da ke Alausa ya duba takardun fulotin, a kuma zagaya bayan ginin da ido, domin jan fentin da hukumar kula da gine-gine ke shafa wa benen da ta yanke wa hukunci wani lokaci akan wayi gari an bi shi da sabon fenti.